Bryan Clauson: Matuƙin Da Ya Ƙi Rabuwa Da Turɓaya

A ranar Lahadi 29 ga Mayun 2016 aka gudanar da tseren motoci na Indiyanafolis 500 karo na 100 a jihar Indiyana ta Amurka. Motoci 33 suka tashi, Alexander Rossi ya yi nasara, Bryan Clauson kuwa ya ƙare a na 23 bayan ya riƙe gaba na tsawon zagaye 3. Ga yawancin matuƙa, aikin ranar ya ƙare ke nan, sai hutun gajiyar mil 500. Shi Clauson sai ya kama hanyar Kokomo, wani gari mai nisan kimanin mil 50 a arewa, ya shiga motar sifirint, ya fafata a kan turɓaya a wannan daren, kuma ya lashe tseren. Mako 10 bayan haka ya rasu yana ɗan shekara 27.

Abin da ya sa rayuwar wannan matashi ta cancanci nazari ya wuce lissafin kofunan da ya tara. A da akwai hanya miƙaƙƙiya wadda ɗan makanike zai bi daga ƙaramin filin turɓaya na garinsu har zuwa babban dandalin Indiyanafolis, ba da guzurin komai ba sai gwanintar hannunsa. Hanyar ta toshe tun kafin a haifi Clauson, shi kuwa ya ƙarar da gajeren ransa yana ƙoƙarin sake buɗe ta.

Sai an san motocin kafin a gane nauyin abin da ya yi. Motar sifirint da motar Indi duka tayoyinsu a waje suke, babu bodin da ya rufe su, mutum ɗaya kuma suke ɗauka. Nan kamanninsu ya tsaya. Motar sifirint ƙashin ƙarfe ce da aka ɗora wa inji mai silinda 8 a gaba, ƙarfinsa ya kusa na dawakai 900, alhali nauyinta duka bai wuce kilo 650 ba sosai. Ba fetur take sha ba, sinadarin metanol ne. Ba ta da kuloci, ba ta da giyar canjawa, ba ta da abin tayar da inji, don haka sai wata mota ta turo ta daga baya, tamkar yadda samarin unguwa ke tura motar da batirinta ya mutu har ta kama. Tayar baya ta dama ta fi ta hagu girma da faɗi, da gangan, domin motar ta riƙa karkata hagu da kanta, tunda filin kewaye ne kuma hagu kaɗai ake juyawa. Akwai masu faffaɗan fiffike a sama wanda iska ke dannewa ta manne motar da ƙasa, akwai kuma marasa fiffike, waɗanda suka fi wuyar sarrafawa. A kan marasa fiffiken Clauson ya yi suna, tare da ƙannensu masu silinda 4 da ake kira mijit.

Filin kansa abokin hamayya ne. Laka ce ake jiƙawa da ruwa kafin a fara. Da farkon dare tana da danshi, taya na kama ta da kyau. Yayin da motoci ke ta bi, sai tsakiyar ta bushe ta yi santsi, ɓarɓashin lakar kuma ya taru ya yi tudu a gefen waje kusa da shinge. Gwani yakan shiga kwana motarsa a gicciye, ya murɗa sitiyari dama alhali hagu yake nufa, ya jingina tayar baya a jikin tudun nan, ya danna totur ta harba shi gaba. Idan ya haura tudun da ɗan taƙi, sai shinge ko ƙundumbala. Filin da ya bari a zagaye na 5 ba shi zai tarar a na 25 ba, kuma babu mai gaya masa abin da ya canja, sai idonsa da abin da jikinsa ke ji daga kujera. A Indiyanafolis kuwa kwalta ce shimfiɗaɗɗiya mai tsawon mil biyu da rabi, injin yana bayan matuƙi, gudun ya haura mil 220 a awa, kuma zamewar da ke ba mutum nasara a turɓaya ita ce za ta haɗa shi da bango a nan.

Duk da wannan bambanci, akwai zamanin da sana'ar guda ce. Ƙungiyar USAC, wadda ta karɓi ragamar shirya gasannin a 1956, ita ce a wancan lokaci ke kula da mijit da sifirint da tseren Indiyanafolis baki ɗaya, kuma gasar zakaran ƙasa ta ƙunshi filayen kwalta da na turɓaya. Parnelli Jones ya fito daga sifirint ya ci Indiyanafolis a 1963. A. J. Foyt, ɗan makanike daga Houston, ya taso ta mijit da sifirint ya ci sau huɗu, a 1961 da 1964 da 1967 da 1977. Mario Andretti ma ta nan ya biyo kafin nasararsa ta 1969. Mai mota yakan je ƙananan filaye ya zuba ido, ya ga yaron da ke da zuciya da hannu, ya ba shi dama.

Abubuwa uku suka rushe wannan tsari. Na farko fasaha: Jack Brabham ya kawo mota mai inji a baya a 1961, Jim Clark ya yi nasara da irinta a 1965, daga nan motar Indi ta daina kama da motar turɓaya. Na biyu, daga 1971 aka cire filayen turɓaya daga gasar zakaran ƙasa aka ware musu tasu. Na uku kuɗi: bayan da masu motoci suka ɓalle suka kafa ƙungiyar CART, wadda ta fara gasarta a 1979, aka ƙara yawan tsere a tituna masu lanƙwasa dama da hagu, tsada ta yi ta hauhawa, kujera ta koma hannun wanda ya zo da kamfanin da zai ɗauki nauyinsa. Gwanayen turɓaya sai suka juya akala zuwa gasar NASCAR mai rufaffun motoci. Jeff Gordon, zakaran mijit na USAC a 1990, can ya tafi. Tony Stewart, wanda ya haɗa kambunan USAC uku a shekara guda a 1995, ya ci kambin gasar motocin Indi a 1997, amma shi ma daga bisani can ya koma.

A cikin wannan yanayi Clauson ya taso. An haife shi ranar 15 ga Yunin 1989 a Kalifoniya, ya girma a Noblesville ta jihar Indiyana, mahaifinsa Tim Clauson kuma mutumin tsere ne. Tun yana yaro ya fara da ƙananan motocin yara, ya shiga gasannin USAC a 2005 da cikarsa shekara 16, kuma kafin shekarar ta ƙare ya ci babban tseren mijit. Shi ma ya gwada hanyar da magabatansa suka bi: ya tuƙa wa ƙungiyar tsere ta Chip Ganassi a rukuni na biyu na NASCAR a 2007 da 2008. Damar ta ƙare a daidai lokacin da tattalin arzikin Amurka ya shiga mawuyacin hali, kamfanoni suka janye hannu daga ɗaukar nauyi. Wani da sai ya zauna jiran kiran waya. Clauson ya koma turɓaya, kuma a nan ya zama abin da ya zama.

Ya ci kambin mijit na ƙasa a 2010 da 2011 da 2015, kambin sifirint a 2012 da 2013, da kambin gwarzon matuƙan USAC shekara uku a jere daga 2010 zuwa 2012. A 2014 ya lashe Chili Bowl, tseren mijit da ake yi cikin rufaffen zaure a birnin Tulsa kowane watan Janairu, inda ɗaruruwan matuƙa ke neman gurbi a zagayen ƙarshe. Jimillar nasarorinsa a ƙarƙashin USAC ta kai 112, adadin da mutane ƙalilan, irin su Foyt da Rich Vogler, suka zarce, su kuwa sun fi shi daɗewa a fage nesa ba kusa ba.

Kambin gwarzon matuƙa na 2010 ne ya buɗe masa ƙofar kwalta. Shugaban hukumar gasar motocin Indi (IndyCar) na lokacin, Randy Bernard, ya ware tallafi ga gwarzon USAC domin ya gwada kansa a rukunin share fage na motocin Indi, wato Indy Lights, Clauson kuma ya yi hakan a 2011. Shekara ta gaba Sarah Fisher, mai ƙungiyar tsere wadda ita ma ta taso daga sifirint da mijit, ta ba shi mota a Indiyanafolis 500. Bai ji da daɗi ba: ya yi haɗari a gwajin neman gurbi, ya tashi daga layin baya, bai kuma kai ƙarshen tseren ba. A 2015 ya sake dawowa, ya bugi bango. Sai a karo na uku ya ga tutar ƙarshe. Wanda ya dubi waɗannan sakamako kawai zai ce abin bai karɓe shi ba, amma adalci shi ne a tuna cewa abokan karawarsa a cikin irin motar suke kwana suke tashi duk shekara, shi kuwa sau ɗaya yake shigarta, a watan Mayu.

A 2016 ya ɗaukar wa kansa aikin da ba a saba ji ba: tsere 200 a shekara guda, a mijit da sifirint mai fiffike da marar fiffike da motar Indi. Ma'anarsa tsere fiye da ɗaya a kowane kwana biyu, da dogayen tafiye-tafiye tsakanin jihohi, da sauya hannu daga wannan mota zuwa waccan. Ranar 6 ga Agusta, a tsere na 116, yana kan gaba a gasar mijit ta Belleville a jihar Kansas, filin rabin mil mai tsananin gudu inda ya taɓa yin nasara sau uku. Yana ƙoƙarin wuce motar da ya riska daga baya sai tasa ta haura shinge ta yi ta juyawa, ta faɗo tsakiyar hanya, wata motar ta daka ta. An ɗauke shi a jirgi zuwa asibiti a Lincoln ta jihar Nebraska, ya cika washegari.

Tun yana raye ya yi rajistar bayar da sassan jikinsa idan ta Allah ta kasance, kuma iyalinsa sun cika masa wannan buri. Mutum biyar suka rayu ta dalilin haka. Iyalin suka haɗa kai da cibiyar Indiana Donor Network wajen wayar da kan masoya tsere a kan wannan kyauta, mahaifinsa kuma ya ci gaba da tafiyar da ƙungiyar tsere mai renon matasan matuƙa. A 2018 hukumar dandalin Indiyanafolis ta shimfiɗa ƙaramin filin turɓaya a cikin harabarta, ta fara tseren mijit mai suna BC39, haruffan sunansa da lambar motarsa.

Karramawar ta dace, sai dai ba ta biya bashin ba. Har yanzu matashin da ya gagari kowa a Kokomo ba zai samu kujera a Indiyanafolis ba sai ya zo da miliyoyin daloli a bayansa, kuma wanda ya fi fice cikin 'yan turɓayan da suka shiga tseren a baya-bayan nan, Kyle Larson a 2024, sai da ya zama zakaran NASCAR tukuna. Duk wasan da ya mayar da kuɗin shiga ya zama ma'aunin cancanta, to yana asarar gwanayen da ba zai taɓa sanin sunansu ba. Clauson ya nuna a aikace cewa hannun da ya ƙware a laka zai iya riƙe gaba a kwalta idan aka ba shi mota. Abin da ya rage ga masu shirya gasar shi ne su mayar da irin tallafin da ya samu a 2011 ya zama tsari mai ɗorewa, domin na bayansa su samu shekaru suna koyo, ba wata ɗaya a shekara ba.