Gadon Sauro a Jininmu: Yadda Maleriya ta Yaɗa Ƙwayar Sikila a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

A Damari da maƙwabtanta na ƙananan hukumomin Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, da zarar damina ta kankama, ruwa ya kwanta a fadamu da kududdufai, sai zazzaɓin cizon sauro ya shiga gidaje. Akwai kuma cuta ta biyu da jama'ar yankin suka sani, wato amosanin jini ko sikila, wadda ake gada daga iyaye. Galibi ana ɗaukar cututtukan biyu a matsayin abubuwan da ba su da dangantaka. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa yawaitar sikila a ƙasar Hausa sakamako ne na daɗewar maleriya a cikinta.

2.0 Zaɓin Yanayi da Ƙwayar S

Zaɓin yanayi tankaɗe da rairaya ne da muhalli ke yi wa halittu. Idan wata siffa ta gado tana taimakon mai ita ya rayu har ya haihu, siffar za ta ƙaru a cikin al'umma daga zuriya zuwa zuriya.

Kowane mutum yana gadon ƙwayar halittar himogulobin guda biyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Mai AA jininsa lafiya lau yake, amma ba shi da wannan garkuwa daga maleriya. Mai SS shi ne mai sikila, wanda jajayen ƙwayoyin jininsa ke lanƙwashewa kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi. Mai AS kuwa ba ya ciwon, sannan haɗarin kamuwarsa da maleriya mai tsanani yana raguwa da kimanin kashi 90 cikin ɗari. Daga cikin dalilan akwai cewa ƙwayar jinin da cutar ta shiga takan lanƙwashe da wuri, sai saifa ta tsame ta kafin cutar ta hayayyafa.

Anthony Allison ne ya bayyana wannan dangantaka a 1954, bayan bincikensa a Gabashin Afirka. A 2018 kuma Daniel Shriner da Charles Rotimi, masani ɗan asalin Nijeriya, suka ƙiyasta cewa ƙwayar S ta ɓulla ne sau ɗaya, kimanin shekaru 7,300 da suka wuce, lokacin da Sahara take da ruwa da ciyayi.

3.0 Shaidar Garki

Hujja mafi kusa da mu ta fito ne daga Garki, wadda a lokacin take jihar Kano, yanzu kuma jihar Jigawa. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da babban bincike a kan maleriya a ƙauyukan yankin. Alan Fleming da abokan aikinsa, waɗanda suka nazarci jinin mutanen, sun tarar masu AS kimanin kashi 24 cikin ɗari ne a tsakanin jarirai, amma sun kai kashi 29 a tsakanin waɗanda suka haura shekara 5. Nau'in jini ba ya canzawa da girma. Abin da ya ɗaga adadin shi ne yaran AS sun fi sauran tsallake shekarun farko na rayuwa. Masu SS kuwa kimanin kashi 2 cikin ɗari ne a wajen haihuwa, amma da ƙyar ake samun su a cikin manya.

Wannan shi ne ma'aunin da ya riƙe ƙwayar S a cikinmu: sikila tana rage ta ta hanyar mutuwar masu SS, maleriya tana ƙara ta ta hanyar rayar da masu AS. Mai yiwuwa ne wasu daga cikin gidajen da ake cewa suna wabi, auren AS da AS ne ba a gane ba.

4.0 Darasi ga Al'umma

Lissafin mai sauƙi ne. Idan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, to aure ɗaya cikin 16 zai haɗa AS da AS, kuma a kowane ciki na irin wannan aure akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar. Shi ya sa gwajin jini kafin a sa rana yake da muhimmanci, har jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024.

Haka nan, wajibi ne a fahimci cewa AS ba rigakafi ba ne. Mai shi yana kamuwa da maleriya, tsananinta ne kawai ke raguwa. Mai SS kuwa, zazzaɓi ɗaya yana iya zame masa ajali. Don haka kowa yana buƙatar gidan sauro, ƙananan yara kuma su sha maganin rigakafin da ake rabawa da damina.

5.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ƙwayar S ta yaɗu ne domin ta kare kakanninmu a zamanin da ba magani. Saboda haka ba abin kunya ba ce ga wani gida, ba kuma aikin iska ko sammu ba ce. Abin da ya rage ga iyaye da malamai da masu unguwanni shi ne su ƙarfafa gwajin jini tun kafin magana ta yi nisa tsakanin saurayi da budurwa.