Ko Kun Sani?

Ko kun san tsohuwar Hilux ko Land Cruiser tana iya kafewa a taɓon hanyoyin gonakin dankalin Bokkos ko hawan duwatsun Shere da ke gefen Jos, alhali direba ya saka giyar fo-wil? Sau tari laifin ba na inji ba ne. A wasu daga cikinsu akwai makulli a cibiyar kowace tayar gaba, kuma sai an sauko an murɗa duka biyun da hannu zuwa LOCK kafin tayoyin gaba su ja. A motocin da ake saka fo-wil da maɓalli kuwa, a fara duba fiyus da wayoyin da laka ta ci. Kafin a saka giyar fo-wil ta 4L, a tsayar da mota cak. A gwada giyar fo-wil tun kafin damina ta kankama.