Kalmar "appease": ku san ta kafin ku sa hannu a takarda

Jama'a, duk wanda ya taso a kara ya san rigimar shanu a Kudu ba ta ƙarewa a fatar baki. Saniya ta ɓalle ta shiga gonar rogo, ko tirela ta goge katangar wani, sai an zauna da masu gari an rubuta takardar sulhu da Turanci. Ni nake karanta wa Baba irin waɗannan takardu, tunda ni na yi sakandare, kuma akwai kalmar da nake yawan cin karo da ita: appease. Mu dai "afiiz" muke ce mata.

Ma'anarta ka sanyaya zuciyar wanda ya fusata. Amma fa ba ɗaya take da "abeg no vex" ba. Haƙuri da baki ake bayarwa, appease kuwa yawanci sai ka miƙa wani abu, kuɗi ne, rago ne, ko wata buƙata da aka matsa maka a kanta. Shi ya sa in jarida ta rubuta cewa Sarkin Hausawa ya je ya yi appease ɗin matasan unguwa, mai karatu zai ɗauka mu ne muka durƙusa.

A siyasa ma kalmar tana da tabo. A 1938 Firaministan Birtaniya Chamberlain ya yarda Hitler ya ɗauki wani yanki na ƙasar Czechoslovakia don a zauna lafiya. Shekara na zagayowa yaƙi ya ɓarke. Tun daga nan, a ce shugaba yana appeasement gori ne.

To ga inda ta fi shafarmu. A ƙasar Yarbawa da ta Ibo za ka ji ana cewa appease the gods ko appease the land, musamman in an zubar da jini. Nan ba mutum ake rarrashi ba, yanka ake nufi ga abin bautar gargajiya. Al'adarsu ce, ba mu raina ba, amma Musulmi ya sa hannu zai kawo ragon, wannan kuma sai a tambayi malamai.

In ɓarna ce dabbarka ta yi, ka roƙa cikin ladabi a cire appease a sa compensation, wato diyya, a rubuta adadin kuɗin da sunan mai gonar, shaidu biyu su sa hannu.