Hikimar Mayar wa Mutum da Maganarsa

Duk wanda ya taɓa halartar zaman sulhu a zauren dagaci, a Unguwar Ya ko a wani ƙauye na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, musamman da kaka, sa'ad da shanu kan faɗa gonakin da ba a gama girbewa ba, ya san dattijo mai basira ba ya gaggawar hukunci. In manomi ya zo rai a ɓace, ya ce an cinye masa dawa ana saura kwana kaɗan ya yanke, sai dattijon ya sassauta murya ya ce, "Saura kwana kaɗan?", ya yi shiru, shi kuwa mai ƙara, da yake ya tabbata an ji shi, sai ya ci gaba da bayani har ya fito da haƙiƙanin abin da ke cin ransa, wanda sau da yawa ba dawar ba ce, baƙar maganar da aka gaya masa ce a gaban 'ya'yansa.

Nasara ma sun yi bahasi a kan wannan fanni. Chris Voss, wanda ya daɗe yana sasantawa da masu garkuwa da mutane a hukumar FBI ta Amurka, ya bayyana a littafinsa na 2016 cewa maimaita kalmomi uku na ƙarshen zancen mutum kan sa ya buɗe cikinsa. Tun a 1999 kuma Tanya Chartrand da John Bargh suka gwada, suka tarar mutane sun fi sakin jiki da wanda ya kwaikwayi zamansu da motsinsu ba tare da sun lura ba.

A nan ne fa nake ganin wajibi ne a yi hattara, domin ladabinmu bai yarda saurayi ya harɗe ƙafa don hakimi ya harɗe tasa ba, kuma amaryar da ta mayar wa surukarta magana da irin muryarta, izgili za a ce ta yi. Abin da ya dace da mu shi ne maimaita lafazi da natsuwar murya, bisa kyakkyawar niyya, don kuwa mayaudari ma ya iya wannan dabara.

Saboda haka ina roƙon ma'aikatan asibiti da malaman makaranta da magidanta, kafin su ba da amsa, su fara mayar wa mai magana abin da ya faɗa, sa'an nan su saurara.