Idan darasin jami'a ya koma cikin waya

A watan Maris na shekarar 2020, cutar korona ta sa an rufe makarantu a Nijar, daga firamare har jami'a. Haka aka yi a yawancin ƙasashen duniya. Malaman jami'o'i da dama suka koma koyarwa ta intanet, wato ɗalibi yana gida, darasi yana iske shi cikin wayar salula ko kwamfuta. Cutar ta lafa, amma hanyar ba ta ɓace ba. Idan kuna da ɗa ko ɗiya a jami'ar Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa, wata rana za su iya ce muku darasin yau yana cikin waya. Kada ku yi saurin cewa wasa ne.

Koyarwa daga nesa ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Tun shekarar 1964 aka fara koyar da yara 'yan firamare ta talabijin a Nijar. Sai dai talabijin magana kawai take yi, ba ta saurare. Ta intanet kuwa, ɗalibi yana iya yin tambaya, a ba shi amsa.

Yaya ake mayar da darasin?

Mu ɗauki darasin farko na ilimin koyarwa, wanda ake ba masu son zama malaman makaranta. A cikinsa ake sanin yadda yaro yake koyo, da yadda ake shirya darasi, da yadda ake riƙe aji.

A zauren jami'a malami yakan yi magana awa biyu. Idan ya ɗauki wannan duka a bidiyo ya aika, ya ɓata aikinsa. Ba mai iya zuba wa ƙaramar waya ido har awa biyu, kuma kuɗin intanet za su ƙare tun kafin a kai rabi. Saboda haka sai a yanka darasin gunduwa-gunduwa, kowane yanki kamar minti 10, tare da takardar karatu da 'yan tambayoyi. Jami'o'i da yawa suna ajiye waɗannan a wata manhaja mai suna Moodle, wadda ta fito a shekarar 2002, kuma kyauta ce. Nan ɗalibi yake ɗaukar darasi, nan yake miƙa aikinsa. Wasu malamai suna ƙarawa da WhatsApp, don muryar da aka naɗa ba ta cin kuɗi kamar bidiyo.

Akwai abin da waya ba ta iya ɗauka. Ni da na fito daga makarantar horon malamai, ban san koyarwa ba sai ranar da na tsaya gaban yara da alli a hannu, wani yana kuka, wani yana barci. Wannan ba a koyon sa daga nesa. Ko da an mayar da karatun intanet, dole ne ɗalibi ya shiga aji na gaske, wani tsohon malami yana zaune a baya yana gyara masa. Jarrabawa ma ta fi tabbas idan an taru wuri ɗaya, don a san wanda ya rubuta.

Babbar matsala a wurinmu ita ce wuta. Kimanin mutum 1 cikin 5 ne yake da lantarki a Nijar. Ɗalibin da ya koma ƙauye yana iya rasa inda zai yi cajin waya, ko layi ya ƙi kamawa. Irin wannan ɗalibi, duk ranar da ya shiga gari, sai ya sauke darussan mako ɗaya cikin wayarsa, ya karanta su a gida. Ku kuma ku ba shi lokacin da ba za a aike shi gona ko rijiya ba. 'Yan mata sun fi bukatar wannan, don idan suna gida aikin gida a kansu yake faɗuwa.