Gayya A Ƙasar Kwoi: Gadon Da Ya Riƙe Gonakin Citta Da Lambuna

Duk wanda ya san garin Kwoi, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jaba a kudancin Jihar Kaduna, ya san cewa citta ita ce arzikin ƙasar. Da kuɗinta ake biyan kuɗin makaranta, da shi ake rufin kwano, da shi ake aurar da 'ya'ya. Amma abin da masu saye daga nesa ba su cika lura da shi ba shi ne, nomanta ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma tun fil azal aikin gayya ne ya riƙe ta, tare da lambunan da ke gefen rafuka.

An fara noman citta gadan-gadan a wannan yanki, wanda a da ake kira Kudancin Zariya, wajen shekarar 1927, watau daidai lokacin da Kafanchan ta zama mahaɗar hanyoyin jirgin ƙasa. Wannan ya sauƙaƙa kai ta bakin teku, daga nan zuwa ƙasashen waje. Sannu a hankali ƙasar Ham, waɗanda Hausawa ke kira Jaba, da Kachia da Kagarko da Jama'a suka zama cibiyar citta a Nijeriya baki ɗaya.

Aikinta kuwa ba na rago ba ne. Da saukar ruwan farko a watan Afrilu ko Mayu ake kaftu, a yanyanka iri, a dasa. Nan da nan kuma sai a rufe gonar da ganye ko ciyawa, domin ƙasa ta riƙe laima, rana kada ta ƙone irin. Bayan haka ga cirar ciyawa da hannu, tun da fartanya tana iya sare saiwar. Idan ta yi wata bakwai zuwa tara sai a tone, a tsaga kowace ɗaya da wuƙa, a shanya. Kowane mataki yana da 'yan kwanakinsa, wanda ya makara ya yi asara.

A nan ne gayya take shigowa. Mai gona yakan sanar da dangi da maƙwabta ranar aiki, ya tanadi abinci da abin sha, jama'a su taru da sassafe su gama a yini ɗaya abin da zai ɗauke shi mako biyu. Ba a biyan kowa ko kwabo, amma kowa ya san bashi ya ci, ranar da aka kira shi ba ya da ta cewa. Akwai kuma gayyar da ba a jiran sakayya, wadda ake yi wa tsofaffi, da marasa lafiya, da matan da mazansu suka rasu. Ƙungiyoyin matasa da na mata a coci-coci da unguwanni sun ɗauki wannan al'ada, har sukan yi aiki a gonar wani don tara kuɗin ƙungiya.

Da rani ma haka abin yake a fadama. Kowa yana da 'yan fangalinsa na tumatir ko attarugu ko alayyafo, amma shingen da ke hana dabbobi shiga, da rijiyar da kowa ke ɗiba, da hanyar ruwa, na kowa ne. In ba a taru an gyara su ba, ɓarna ba ta tambayar fangalin wane ne. Hannu ɗaya, in ji masu iya magana, ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai kuma a 'yan shekarun nan gayya ta yi rauni. Samari da yawa sun tafi Abuja da Kaduna neman aiki ko karatu. Waɗanda suka rage sun fi son ƙwadago, a biya su da yamma. Har ila yau tsadar abinci ta sa ciyar da 'yan gayya ya kusa kai kuɗin 'yan ƙwadago. Mai hali ya ɗauki ma'aikata, marar hali ya rage gona.

Ana cikin haka sai ga annobar daminar shekarar 2023. Wata cuta ta faɗa wa citta, ganye ya yi ɗorawa ya bushe, saiwa ta ruɓe a ƙasa. Gwamnatin Tarayya ta ƙiyasta asarar manoma da fiye da Naira miliyan dubu 12, kuma a 2024 ta ba da sanarwar taimakon Naira miliyan 1,600 don farfaɗo da noman. Mutane da dama sun rasa amfanin gona da irin baɗi a lokaci guda, domin ita citta daga jikinta ake ajiye iri.

Wannan masifa ta nuna abu biyu. Na farko, dogara ga amfani ɗaya haɗari ne. Gidan da ke da acca da dauro a rumbu, da ɗan lambu a bakin rafi, yana da abin sawa a tukunya ko da citta ta ƙi. Na biyu, irin wannan cuta tana bin gurɓataccen iri, da ruwan da ke kwanciya ko gangarawa daga gona zuwa gona, da ƙasar da ta manne wa kayan aiki. Saboda haka tsabtar manomi ɗaya ba ta isa ba in maƙwabcinsa bai kula ba. Ita kanta gayya sai ta koyi sabon hali: a wanke fartanya kafin a shiga wata gona, a haƙa magudanai tare, a sauya wurin shuka, a ware fili mai tsabta don renon iri.

Ba a ƙasarmu kaɗai ake irin wannan taimakon kai da kai ba. A Ingila, wata doka ta 1908 ta ɗora wa hukumomin gari nauyin samar wa mazauna ƙananan filayen lambu in sun nema, kowane kamar murabba'in mita 250. Har yau 'yan sa kai ne ke kula da shinge da hanyoyi da famfunan da yawa daga cikinsu. A Kuba kuwa, bayan rushewar Tarayyar Sobiyat a 1991, mutanen birnin Habana sun mai da kangwaye lambuna don maganin yunwa.

Mu ma an gwada. A 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, aka buɗe gonaki a makarantu da barikoki da bayan gidaje. A 1980 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta zo da nata shirin bunƙasa noma. Daga baya shirin Fadama, da taimakon Bankin Duniya, ya bi ta hannun ƙungiyoyin manoma. Shirye-shirye biyun farko sun tafi da gwamnatocin da suka kawo su. Gayya kuwa ta daɗe, domin wanda ya ƙi fitowa gobe zai haɗu da wanda ya ƙi wa a kasuwa.

Saboda haka ya kamata Ƙaramar Hukumar Jaba da masarautar Kpop Ham su keɓe filayen fadama na kusa da gari kafin gine-gine su cinye su, a rubuta su da sunan unguwanni. Ya kamata malaman gona su riƙa zuwa ranar gayya, inda za su sami manoma talatin a wuri ɗaya. Injin ban ruwa da iri mai kyau kuma a ba ƙungiyoyin da aka san suna aiki, kada a ba waɗanda aka kafa jiya don karɓar rabo. Bikin Tuk Ham, wanda ke tara 'yan ƙasa daga birane a lokacin Ista, yana zuwa ne dab da shuka. Zai yi kyau a ware yini ɗaya a cikinsa, waɗanda suka zo gida su ɗauki fartanya su rufe wa tsofaffi gonakinsu kafin su koma.