Karas a Tsakar Gida: Lambun Buhu a Adjamé da Treichville

Kwanakin baya mun tambayi yara a aji, ina karas yake fitowa? Wani ya ɗaga hannu ya ce, "Kasuwar Guro, Malam." Aka yi dariya, amma mu abin ya tsaya mana a rai. Jikokin masu lambu ne waɗannan yara. Kakanninsu a Kano da Zariya da Maraɗi, da hunturu ya kama sai fadama, ga albasa, ga latas, ga karas. Su kuwa an haife su a gidan haya mai daɓen siminti, ba su taɓa ganin iri ya tsaga ƙasa ba.

To, rashin fili ba hujja ba ce. Buhun shinkafa ko tsohon bokiti ya wadatar, muddin zurfinsa ya kai santimita 30 kuma an huda ƙasansa don ruwa ya tsiyaye. A cika shi da ƙasa mai yashi, a tsince duwatsu, a gauraya da takin da ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin kaji ko na tumaki yakan sa karas ya yi rassa kamar yatsu.

Sai lokaci. Karas ɗan sanyi ne, Abidjan kuwa ga zafi ga laima. Wanda ya shuka a Mayu ko Yuni, ruwan sama ne zai kwashe irin. A bari sai ƙarshen Yuli, lokacin da gari ya fi sanyi, ko kuma Disamba. Wajen sayen iri a nemi New Kuroda, ya fi jure zafi.

Ba a dasa karas. Inda aka shuka shi nan zai girma. Irin ƙanana ne ƙwarai, don haka a cuɗa shi da yashi, a yafa, a rufe da ƙasa kamar santimita 1. A riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Mutanen Treichville, kada kusancin tafkin Ébrié ya ruɗe ku: ruwansa da gishiri, ga dauɗa. A yi da na famfo.

Nan ne haƙuri ke shigowa. Iri yakan yi kwana 10 zuwa 20 bai fito ba, da yawa a nan suke fid da rai su zubar da buhun. Idan ya fito ya yi tsawon ɗan yatsa, a rage shi, a bar santimita 5 tsakanin tsiro da tsiro. Akwai ciwo a tuge tsiro mai lafiya, amma wanda ya ji tausayi zare zai girba. Bayan kimanin wata 3 sai cira.

Buhu ɗaya ba zai raba uwargida da kasuwa ba, gaskiya. Amma karas na ba jiki bitamin A mai taimakon ido, kuma a damƙa wa yaro ban-ruwan, a ga yadda zai riƙa sammako. Ranar da ya tuge na farko da hannunsa, ya san amsar tambayarmu.

Allah ya sa albarka a abin da muka shuka, amin.